Facalata ta sayi keken jariri daga Ingila, ni ma sai na saya?

Assalamu alaikum Anti. Ina ɗauke da cikin fari, wata bakwai. A Kano muke, gidan haya, saman bene hawa na biyu, kuma kwalta ba ta shigo layinmu ba. Maigida ma'aikaci ne, yana da 'yar ƙaramar mota amma da ita yake fita aiki, ni adaidaita sahu nake hawa zuwa awo da gidanmu. Facalata, matar yayansa da ke Abuja, ta haihu bara. Ranar suna aka fito da keken jariri da aka yi odarsa daga Ingila, har yau dangi ba su daina zancensa ba. Na ga irinsa wurin wata mai sayar da kaya a Instagram, kuɗin ya kusa albashin maigida na wata uku. Ya ce ba shi da hali, in je Sabon Gari in zaɓi na daidai. Hajiyarsa kuwa cewa ta yi da zani da majanyi ta raine su duka, keke fi'ili ne. Ina da adashin da zan kwasa wata mai kamawa, ina tunanin in saya da shi ba tare da ya sani ba, in ce daga gidanmu aka kawo. Wallahi Anti ba na son a raina ɗana ranar suna. Me zan yi?

Daga mai jiran haihuwa, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya, ya sauke ki cikin sauƙi.

Bari in fara da abin da ba ya jira: kada ki taɓa adashin nan. Mace mai cikin wata bakwai, cikin fari kuma, duk kuɗin da zai shigo hannunta yana da mai shi tun kafin ya iso. Ba fata nake miki ba, amma haihuwa takan zo da abin da ba a shirya masa ba. A ce sai an yi aiki, a ce a nemo jini, a ce jariri ya zo da shawara sai an kwantar da shi ƙarƙashin fitila. A asibitocinmu kusan komai daga aljihu ake biya, kuma sau da yawa da tsakar dare ake faɗin kuɗin. Idan Allah ya sa kika sauka lafiya ba a taɓa su ba, to ga kuɗinki nan, ga keke nan a kasuwa, ba ƙarewa zai yi ba.

Ni ba na cikin masu cewa keke fi'ili ne. Kayan aiki ne, kuma wurin da za a yi aikin shi ke faɗin irin wanda ya kamata a saya. Don haka ki ɗan ajiye wayar, ki bi hanyar da keken nan zai riƙa bi, tun daga ƙofar ɗakinki har inda za ki je.

Kina hawa na biyu. Manyan kekunan nan masu kwandon kwanciya, irin wanda kika gani, nauyinsu kan kai kilo 12 zuwa 15 tun ba a sa yaro ba, ba a sa jakar famfas da ruwa da kayan canji ba. Wa zai sauko da shi? Maigida ya fita tun safe. Ga jariri a hannunki, ba za ki bar shi a sama shi kaɗai ki sauko da keke ba, ba kuma za ki ajiye shi a ƙasa ki koma ɗaukowa ba. Saukowa matakala da yaro a cikin keke kuwa, kada ki ko gwada, ta nan yara da yawa ke faɗowa. Idan kuma aiki aka yi miki, likita zai ce har wajen sati shida kada ki ɗaga abin da ya fi jaririnki nauyi.

To a ce an sauko. Ga dokin ƙofa, ga kwata a bakin gida an ɗora mata katako ɗaya, ga yashi in rani ne, ga taɓo in damina ce. Kin fita bakin titi, inda ya kamata a ce hanyar masu ƙafa ce mai shayi ya kafa tebur, mai faci ya baje kaya, motoci sun faka. Dole ki sauka kan kwalta kina tura jariri tsakanin babura da adaidaita, hancinsa daidai saitin salansar mota. Kin tsayar da adaidaita, ina za a sa keken? Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013 adaidaita ta zama motar kowa, kin kuwa san cikinta, mutum uku a baya, gwiwa na gugar gwiwa. Ko dai ki riƙa ɗaukar shata duk fita, ko keken ya zauna a gida yana shan ƙura. Na fi zaton na biyun.

Kekunan nan ba su da laifi, ba don layinku aka yi su ba. An ƙera su ne domin macen da ke Landan ko Amstadam, wadda za ta fito daga gida kai tsaye kan shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa, ta tura yaro zuwa kanti, ta shiga bas ɗin da aka ware wa keke wuri a ciki. Wani kaso na kuɗin da ake cajin ki na maganin sanyi da ruwan can ne: jakar ɗumama ƙafa, ledar tare ruwa, yadi mai kauri, galibi baƙi ko ruwan toka. Ke kuwa a Kano kike, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Facalarki rayuwarta daban. Idan gidanta cikin rukunin gidaje yake, an shimfiɗe ko'ina da intalok, ga mota mai faɗin but, tana fita bakin tafkin Jabi da yamma, to keken na iya yi mata aiki. A wurinki daidai yake da sayen takalmi mai tsini don zuwa gona.

Kada ki ɗauka ke kaɗai abin ya taɓa ci wa rai. Keken jariri tun asalinsa tare da nuna isa ya taso. Wanda ake ambata a matsayin na farko a Ingila, wani mai tsara gidaje da lambuna ne, William Kent, ya zana shi a 1733 domin 'ya'yan wani basarake na Devonshire, kuma akuya ko ɗan ƙaramin doki aka nufa ya ja shi. A ƙarni na 19 manyan kekuna masu dogayen tayoyi suka zama shaidar gidan masu hali, mai raino ke turawa a lambu jama'a na kallo. Kamfanin keken jarirai na Silver Cross, wanda har yau sunansa ke sa mata buɗe jaka, a 1877 aka kafa shi a Leeds. Amma canjin da ya fi amfanar iyaye mata daga wani wuri ya fito. A 1965 wani tsohon injiniyan jiragen sama, Owen Maclaren, ya ga yadda 'yarsa ke fama da ƙaton keke a tafiya, sai ya ƙera na alminiyam mai naɗewa irin naɗin lema, nauyinsa wajen kilo 3. Daga shi ƙananan kekunan da kike gani yau suka samo asali. Masu abin da kansu, da nauyi ya ishe su, wajen sauƙi suka nufa.

Hajiya tana da rabin gaskiya, babban rabin ma. Goyo na hawa bene, yana tsallake kwata, yana shiga adaidaita ba a ƙara ko kwabo. Hannuwanki biyu a sake, yaro na jin ɗuminki da motsinki ya yi barcinsa. Turawan ma sun dawo kansa. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka, Ann Moore, ta yi aikin sa kai a Togo farkon shekarun 1960, ta ga yadda matan can ke goyo, da ta koma gida ita da mahaifiyarta suka ɗinka abin goyo mai suna Snugli, ta samu haƙƙin mallakarsa a 1969. Yau a can abin goyo sana'a ce guda, wasu ma da tsada ake sayar da su, alhali zani da majanyi sun riga su gama aikin. Abu ɗaya dai ki kiyaye a goyo: wuyan jariri ya samu tallafi, fuskarsa a buɗe take a gefe, kada a zura dogon hijabi a lulluɓe shi gaba ɗaya cikin rana a manta da shi.

Inda ba zan bi Hajiya ba shi ne, a zamaninta gida cike yake da hannaye. Ga abokiyar zama, ga ƙannen miji, ga 'yar riƙo, ga kaka, yaro ba ya wuni a baya ɗaya. Ke kuwa ke kaɗai ce a bene daga safe har magariba. Yaro ɗan wata takwas ya kai kilo 8, wani ya wuce. Ranakun riga-kafi, sati 6 da sati 10 da sati 14 da wata 9, kin san yadda layin yake. Goyon bazara na fesa wa uwa da ɗa ƙurajen zafi. Ga mai ciwon baya, ga wadda aka yi wa aiki, ga mai tagwaye, ga wadda wani cikin ya shiga tana goyo. Kuma suya da yaro a baya, yana miƙo hannu ta gefe, abin tsoro ne. A irin waɗannan wurare keke rahama ne. Amma kada ki tsaya musu da Hajiya, ba riba. Ki ce mata, "Hajiya ai goyo ne gaba, ke ma za ki koya min ɗaurin majanyi yadda ba zai zame ba. Keken na ranar asibiti ne kawai." Surukar da aka nemi ta koyar ba ta cika faɗa ba.

To idan za a saya, wane iri? A yanayinki ƙarami, mai naɗewa, wanda bai wuce kilo 6 zuwa 8 ba, wanda za ki iya ratayawa ko ɗauka da hannu ɗaya. Ki je da ƙafarki, ku tafi da maigida ranar da ba aiki, kuma ku tafi da motar.

Abin da ba a sassauci a kansa shi ne kwanciya. Jaririn da bai kai wata shida ba, bayansa da wuyansa ba su yi ƙwarin zama ba. Idan aka jingine shi a zaune, kai na iya rinjayowa gaba, haɓa ta dafe ƙirji, hanyar numfashi ta matse, shi kuwa ba shi da ƙarfin ɗagowa. Don haka ki sa mai shago ya kwantar da bayan kujerar a gabanki. In ta kwanta miƙe sosai, ya yi wa sabon haihuwa. In ta tsaya a rabi, na ɗan wata shida ne zuwa sama, ko me mai shago ya rantse miki. Yawancin ƙananan nan masu araha a rabi suke tsayawa, kuma wannan ba aibi ba ne in kin yarda hannu da goyo su riƙe watannin farko, keke ya karɓa daga baya. Ni da ni ce ke, haka zan yi.

Daga nan ki duba madauri. Mai rassa biyar ake so, biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin cinyoyi, kuma a ɗaura shi duk lokacin da yaro ke ciki, ko da daga falo ne zuwa ƙofa. Ki taka birki ki tura da ƙarfi, tayoyin baya su ƙi juyawa. Sannan ki gwada sakin birkin da silifas a ƙafarki, domin wasu da saman ƙafa ake ɗago su, an yi su ne don masu takalmi rufaffe, kullum sai sun ci miki yatsa. Tayoyi kuwa, ƙananan nan na roba mai tauri nutsewa suke a yashi, suna kuma girgiza yaro a kan burji. Masu iska sun fi daɗin tafiya, amma ƙaya ɗaya ta kai ki wurin mai faci. Matsakaita na roba mai laushi marasa iska su suka fi dacewa da mu, musamman in na gaban ana iya kulle su su daina waige-waige.

Naɗewar ma ki gwada da kanki. Ki rungume jakarki a hannu ɗaya a matsayin jariri, ki naɗe keken da ɗayan. Idan sai da mai shago ya nuna miki sau uku, ki tuna a bakin titi za ki riƙa yi, mai adaidaita na danna miki ham. In ya naɗu, a kai shi mota a sa a but a rufe, a ga ko akwai sauran wurin kaya. Ki ɗan danna hannun turawa ƙasa, in tayoyin gaba sun ɗaga nan take, to ranar da kika rataya jaka a wurin zai kifa baya da yaro a ciki. Kaya a kwandon ƙasa ake zubawa, ba a rataye su a hannu. Ki lura da gaɓoɓin da ke haɗewa lokacin buɗewa da naɗewa. A 2009 an janye kekunan Maclaren wajen miliyan ɗaya a Amurka bayan gaɓar ta datse wa wasu yara kan yatsa. Sanannen suna ne, ba na araha ba, kin ga suna kaɗai ba ya tsare yaro. Duk keken da kika saya, yaro ya matsa nesa kafin a buɗe ko a naɗe. A ƙarshe ki leƙa jikin ƙarfen ko ƙarƙashin kujera ki nemi lambar inganci, EN 1888 ta Turai ko ASTM F833 ta Amurka, da iyakar nauyin da yake ɗauka, galibi kilo 15 ko 22. Ana iya buga lambar ƙarya, gaskiya ne, amma wanda ba shi da ko ɗaya ya riga ya gaya miki matsayinsa.

Zafi shi ne abin da mai sayarwa ba za ta taɓa ambata miki ba, kuma a wurinmu ya fi komai. Ki nemi mai faffaɗar rumfa da ke saukowa sosai, mai raga a gefe ko a baya inda iska ke ratsawa, mai yadi mara duhu wanda ake cirewa a wanke, domin tsakanin ƙurar hunturu da tumbuɗi da fitsari za ki wanke shi har ki gaji. Sai babban gargaɗi: kada a rufe keke da zani ko mayafi ko tawul. Mata na yi da kyakkyawar niyya, wata don rana, wata don iska, wata don bakin mutane. Amma da an rufe iska ta daina zagayawa, zafin ciki ya haura na waje, ga shi ba kya ganin fuskar yaron balle ki san halin da yake ciki. Jariri ba ya jure zafi kamar babba, kuma wanda zafi ya galabaitar sau da yawa shiru yake yi, a ɗauka barci ne mai daɗi. Idan sauro ko ƙuda kike gudu, akwai gidan sauro na keke, raga ce, iska na wucewa. 'Yar fanka mai caji da ake maƙalawa tana taimakawa, a sa ta inda yatsunsa ba sa kaiwa. In keken ya jima a rana ko a but, ki taɓa ƙarfen madaurin da bayan hannunki kafin ki sa shi. Kuma keke ba gado ba ne. In barci ya ɗauke shi kina kusa kina gani, ba komai, amma kwanan dare a kan shimfiɗa miƙaƙƙiya, a rigingine, cikin gidan sauro.

Game da mai Instagram, ban san ta ba, wataƙila mutuniyar kirki ce. Amma ba a biyan albashin wata uku a kan hoto. Sanannun kekuna ana yin jabunsu, ana kuma wanke na gwanjo a naɗe a leda a kira shi sabo. Ko na gasken ne, ki tuna cewa tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 duk abin da aka shigo da shi ya yi tashin gwauron zabo, don haka babban kason abin da za ki biya na canjin dala ne da kuɗin jirgi da kwastan da riba, ba na ƙarfe da taya ba. Ranar da taya ɗaya ta fashe ko maɓallin naɗewa ya karye kuma, wa ke da kayan gyaransa a Kano? Sai dai mai walda ya yi masa dabara.

Kada ki raina gwanjo. Yara ba sa daɗewa a keke, shi ya sa na hannu da yawa ke zuwa da sauran ƙarfinsu. Ki duba birki, ki duba madauri ko ya zare, ki duba tsatsa da wurin da aka taɓa yin walda, ki sunsuna yadin ko akwai fumfuna, ki wanke da sabulu ki shanya a rana. A ɗaya ɓangaren kuma, araha ba ta ado. Akwai sababbi masu kyalli da zanen 'yar tsana, ƙarfensu siriri, in kika girgiza sai ki ji yana rawa ta ko'ina. Gwanjo mai ƙwari ya fi su nesa ba kusa ba. Abin da maigida ya ce, na daidai a Sabon Gari, shawara ce mai kyau in an yi gwaje-gwajen nan.

Idan akwai abin da zan so ki matsa wa maigida a kansa, kujerar mota ce ta jarirai. Mun saba uwa ta zauna gaba da jariri a cinya, muna ganin ai ta riƙe shi. In aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, ba hannun da ke iya riƙe yaro, ko na namiji ne. Kujerar a baya ake ɗaura ta, jariri na fuskantar bayan mota, ba a sa ta gaba inda jakar iska ke fashewa. Lambar da za ki nema a jikinta R129 ce ko R44. A nan kam ba na son gwanjon da ba a san tarihinsa ba, domin kujerar da ta taɓa shiga haɗari na iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba. Sabuwa, ko ta wata da kika sani kika yarda da ita. A doguwar tafiya, irin Kano zuwa Kaduna, a riƙa tsayawa ana ciro shi, kada ya wuce kamar awa biyu a zaune a ciki. Ba wanda ke ɗora wannan kujera a WhatsApp ranar suna, shi ya sa ba a gasa a kanta.

Ki kuma lura da lokaci. Cikin fari ne, da wuya ba gida za ki tafi wanka ba, sai kin yi arba'in. Ranar sunan ma, ɗan kwana bakwai daga hannun gwaggo zuwa hannun inna yake yawo, keken tsayawa zai yi a lungu an ɗaura masa balan-balan. Bayan arba'in, in kin dawo ɗakinki, za ki san sau nawa kike fita, ina kike zuwa, ya bayanki yake. A lokacin zaɓin zai yi miki sauƙi, wataƙila ma cikin kuɗin barka.

Yanzu mu zo kan maganar da ta sa kika rubuto. Kin ce ba kya son a raina ɗanki. Ƙanwata, ɗan kwana bakwai bai san raini ba, nono ya sani. Ke ce kike tsoron a auna ki da facalarki a ga ba ki kai ba, kuma ban ga laifinki ba, domin dangi sun iya wannan awon. An yi a lefe, an yi a kayan ɗaki, an yi a gara, yau an zo keke. Amma ki dubi gaba kaɗan. In kin kamo ta a keke da adashin bana, baɗi akwai bikin cika shekara, bayansa makarantar kuɗi, bayanta Umara da azumi. Tazarar da ke tsakanin samun wa da na ƙane adashi ba ya cike ta, kuma ita facalar taki mai yiwuwa ba ta ma san ana tsere da ita ba.

Ki tuna da maigida. Namijin da ya buɗe baki ya ce wa matarsa mai cikin fari "ba ni da hali", alhali yayansa ya yi, maganar ba ta fito masa da sauƙi ba. In ya shigo ya tarar da keken nan a falo, abin da zai karanta a jikinsa shi ne ya gaza, har an je waje an rufa masa asiri. Adashi kuɗinki ne, addini ma ya ba ki ikon dukiyarki, ba wanda zai ce kin ci haram in kin kashe. Ƙaryar ce matsalar. Kin ce za ki ce daga gidanku aka kawo. To kin san halin surukai, washegari Hajiya za ta ɗauki waya ko ta aiki mutum ya je yi wa mahaifiyarki godiyar keke. Sai dai ki sa mahaifiyarki cikin ƙaryar, ko ta ce wane keke? Duk wanda ya faru, abin da dangi za su riƙa zance ya sauya, kuma wannan ya fi rashin keke ciwo.

Ki same shi bayan ya ci abinci ya huta. Ki ce kin yi tunani kin fasa wancan, adashin za ki ajiye saboda ranar haihuwa, amma kina roƙon abu biyu: kujerar mota kafin ki sauka, da ɗan ƙaramin keke bayan arba'in, ku je ku zaɓa tare. Mutumin da aka sauke wa albashin wata uku daga ka, da wuya ya yi gardama a kan waɗannan. Ranar suna kuma in wata mai dogon baki ta ce, "Ina naku keken?", ki yi dariya ki ce, "Hajiya ta ce goyo za a yi, wa ya isa ya musa wa Hajiya?" Ba wadda za ta ƙara magana, Hajiya kuwa in ta ji har kunne za ta yi murmushi.

Sannan ki kira facalarki, ki gaishe ta da kyau, ki ce shawara kike nema tunda ta riga ki. Ki tambaye ta sau nawa ta fita da keken a watan nan, yana shiga but ba sai an cire taya ba, me ta saya wanda ta fi jin daɗinsa, me ta saya wanda ta yi da-na-sani. Mata na son a tambaye su abin da suka sani, za ki ji ta saki jiki. Yaronta ya shekara, ba mamaki ya fara ƙin zama a ciki. In ta ce bari ta aiko miki da shi, ki karɓa ki yi godiya, amma ki sa a sauke shi gidan Hajiya ko gidanku, inda ba bene kuma tsakar gida siminti ne.